Kwamfutar da Ta Kai Sunan Yayana Maradun

Shekara talatin da biyu na yi ina buga tafireta a sakatariya, kuma a duk tsawon shekarun nan ba a taɓa samun jakata babu kwalin ashana ba. Ba taba nake sha ba, ba kuma girki nake yi a ofis ba. Ashanar ta kabon ce.

Ga wanda bai san aikin ba, in za a buga takarda mai kwafi biyu, sai a sa wata siririyar baƙar takarda a tsakani, ita ce kabon. Duk harafin da aka buga sai ya bar sawunsa a jikinta. Babban akawun da ya koya mini aiki, wani dattijo ɗan firit mai tsananin faɗa, Allah ya jiƙansa, a makona na farko ya tsinci kabon ɗina a kwandon shara. Ya tara ma'aikata, ya ɗaga kabon ɗin wajen taga, ya karanta musu wasiƙar da na buga tun daga sallama har ƙarshe. Na ji kunya kamar in nutse. Tun daga ranar, duk takardar da ba ta kowa da kowa ba ce, in na gama sai in fita bayan ofis in ƙona kabon ɗinta, in murje tokar da takalmi. Shi ne kuma ya koya mini cewa fayil ɗin sirri ba a rubuta masa sunansa na gaskiya a bango, sai a sa masa wani suna maras daɗi wanda ba zai ja idon kowa ba.

Yayana, wanda nake bi, manomi ne a wani ƙauye gaba da Gidan Goga. Duk ranar Talata da ya shigo Mafara kasuwa, sai ya biyo ta gidana ya sha fura, kuma kafin ya zauna sai ya ce, "Mai ashana, wa za a ƙonawa yau?" Shekara da shekaru yana wannan tsokanar, ni kuma ina harararsa ina miƙa masa ludayi.

Da na yi ritaya, zaman banza ya ishe ni. 'Yata, wadda ke koyarwa a makarantar 'yan mata, ta ga na fara neman faɗa da kaji, sai ta ce za ta saya mini kwamfuta ta tebur da firinta, in riƙa buga wa matan unguwa takardunsu a ɗakin da ke kusa da zaure. Muka je wani shago a bakin kasuwa. Mai shagon mutum ne mai kamar shekara arba'in, mai fara'a da saurin hannu, irin mutanen da ke ba ka amsa kafin ka gama tambaya. Kwamfutocin gwanjo ne, amma ya ce ya zuba musu sabuwar babbar manhaja, wato wadda ke tafiyar da komai a ciki.

Da ya kunna tawa, sai ta shiga jero tambayoyi da Turanci, shafi bayan shafi. Turancin ofis dai na san shi, don haka na gyara tabarau na fara karantawa. Tana tambaya ko a bar ta ta riƙa sanin inda take, ko ta riƙa aika wa masu ita bayanin yadda ake aiki da ita, ko ta riƙa lura da abin da ake bugawa. Kafin in kai ƙarshen layi ya danna alamar yarda ya wuce. Haka ya yi ta yi, ƙyas, ƙyas, ƙyas. Can ta ƙi gaba sai an ba ta akawun, wato asusun imel. Ya tambaye ni ko ina da shi, na ce ina da akwatin gidan waya, amma ya daɗe da mutuwa.

"Ba komi, Hajiya, bari in sa mata nawa," in ji shi. "Don dai ta wuce ne."

Na ce, "To, malam, ina kabon ɗinta?"

Ya dube ni, ya dubi 'yata. Na yi masa bayani: abin da na buga a ciki, ina sawunsa ke zama? Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce wannan zamanin ya wuce, kwamfuta ba ta da kabon, abin da ka goge ya tafi. 'Yata ma ta yi murmushi tana cewa, "Inna ke nan." Ni dai raina bai kwanta ba, kuma ban ji daɗin dariyar ba.

Wata biyu ina aiki lafiya. Ban taɓa jona ta da intanet ba, don ba ni da abin yi a can.

Wata Talata Yaya ya zo, bai yi mini tsokanar ashana ba. Furar ma kurɓa biyu ya yi ya ajiye. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo. Kowa ya san halin da yankinsu ke ciki da 'yan bindiga, ba sai na tsaya faɗa ba. Ya sa na kori kowa daga ɗakin, sannan ya kwance bakin wandonsa ya zaro wata takarda da aka ninke ta yi ƙanƙanta. Koke ne zuwa ga hukuma, an rubuta da ajami. A ciki sun faɗi mashigar da ɓarayin ke ƙetarewa da ranakun da suka fi bi, sun roƙi a ajiye musu jami'an tsaro a wurin. A ƙasa akwai sunayen magidanta goma sha ɗaya da suka yarda su dangwala hannu. Sunan Yaya ne na farko.

"Ban kai ta shagon kowa ba," in ji shi, "don ba a san wa aka zamne da shi ba. In sunayen ga sunka hita, ke ma kin san mi za ya biyo baya. Ke ɗai na yarda da ke."

Na sani kuwa. Masu kai wa ɓarayi rahoto ba su da alama a goshi, kuma mutumin da aka ji ya kai ƙara ba ya kwana biyu a gonarsa.

Na buga takardar da boko, tsaf, ba kuskure ko ɗaya. Yaya ya ce kada a fitar da ita tukuna, akwai mutum biyu da ke shawara, zuwa Talata mai zuwa za a san ko za su shiga. Na ƙona ta ajamin a gabansa. Wadda na buga kuma na adana ta a kwamfuta, na tuna koyarwar babban akawu, na zauna ina neman suna maras daɗi. Na rubuta mata: Yadda ake ajiye albasa kada ta ruɓe. Har na yaba wa kaina.

Ranar Laraba da hantsi 'yata ta biyo, ta ce kwamfutar na bukatar sabuntawa, ta jona ta da intanet ɗin wayarta. Ni ina madafa. Kafin in fito aka ɗauke wuta, ta cire wayarta ta tafi.

Ranar Alhamis da safe na kunna, sai na ga allon ya cika da baƙin abubuwa. Fayil-fayil da ban san su ba, kowanne da wani ɗan zanen gajimare a gefensa. Akwai mai suna jerin ɗalibai, akwai takardar neman aiki, akwai hotuna. Na aika aka kira 'yata, Allah ya sa ba ta da aji da safen. Ta sake jona wayar, ta danna ɗaya. Gajimaren ya juye ya zama koriyar alama, sai ga sunayen yaran wata Islamiyya ta Bakura, har da sunayen iyayensu da unguwanninsu. Ta danna wani, sai ga hoton wani mutum da ban taɓa gani ba, an ɗauke shi don katin shaida, a ƙasa an rubuta Maradun.

'Yata ta fara dariya tana cewa ikon Allah. Ni ko ban ga abin dariya ba.

Na ce, "Ke, in nasu ya zo nan, namu hwa?"

Dariyar ta tsaya. Ta yi ta danne-danne, can ta ɗago ta ce, "Inna, duk abin da anka ajiye bisa allon ga, tana kwashe shi ta kai ma'ajiyar masu manhajar, cikin akawun ɗin mai shago. Duk kwamfutar da yas sa ma akawun ɗin tana ganin na sauran." Ta nuna mini takardar albasa. Ita ma ta tafi tun jiya.

Ban gaya mata abin da ke ciki ba. Na ce kawai, "Ran kawunki na cikin takardag ga." Na ɗauki mayafi da jaka.

Ban san yadda na isa bakin kasuwa ba. Mai shagon ya tarbe ni da fara'arsa, "Hajiya mai kabon, sannu da zuwa." A gaban mutum biyu da ke sayen caja na wanke shi tas. Ban zage shi ba, ban iya zagi ba, amma na tuna masa dariyarsa harafi bayan harafi. Da masu cajar suka sulale, na rufe ƙofar shagon da kaina, na tambaye shi kwamfuta nawa ya sa wa akawun ɗinsa. Ya yi tsuru-tsuru, ya ce uku: tawa, da ta Islamiyyar Bakura, da ta wani mai shagon buga takardu a bakin tashar Maradun.

Bakin tashar Maradun. Wurin da duk mai shiga daji da mai fitowa ke tsayawa, inda direbobi da 'yan acaba da waɗanda ba a san sana'arsu ba ke leƙa allon mai buga takarda ta bayan kafaɗarsa don kawai su kashe lokaci. Na zauna a kan wani kwali.

In faɗi gaskiya, mutumin ba mugu ba ne, gaggawa ce ta yi masa yawa. Da ya fahimci cewa maganar rai ake yi, sai ya bar duk abin da yake yi. Nan take ya shiga akawun ɗin ta wayarsa, ya goge takardar, ya bi ta har kwandon shara na can ya sake gogewa, ya canza kalmar sirri. Ya ce shi ke nan.

Na ce, "Haka kac ce mani rannan. Waɗancan biyun hwa, ta hita daga cikinsu?"

Ya sosa ƙeya. Ya ce sai ranar da aka sake jona su da intanet. A nan kuwa ba mai barin kwamfuta tana shan data a banza, sai za a aika wani abu a jona waya, a gama a cire. Idan takardar ta riga ta sauka a can, tana nan zaune a allo. Ya ƙara da cewa ana iya gane ko an buɗe: in gajimare ne a gefenta ba a taɓa ta ba, in koriyar alama ce an karanta.

Na ce ya rufe shago. Ya ce zai buga musu waya. Na ce ya buga ya ce me, kada su buɗe takarda kaza? Ai ko ni aka gaya wa haka, kafin a ajiye wayar na buɗe. 'Yata ta biyo ni tana roƙo, wai hanyar Maradun ba ta tsofaffi ba ce. Na ce ta koma ajinta, tsofaffin ne suka buga takardar.

Bakura muka fara zuwa don ta fi kusa. Shugaban Islamiyyar malami ne natsattse, daga gidan malamai, kuma bai san gajeriyar gaisuwa ba. Ya tambayi gida, ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali, ya tambayi mutanen Mafara, ya dawo kan gajiya. Ina amsawa da lafiya lau, idona kuwa na kan ƙofar ofis. Da aka kai mu ofis aka kunna kwamfutar, na bi allon da yatsa layi-layi. Babu albasa. Ashe mako guda ke nan ba su jona ta ba. Na yi hamdala a bayyane. Malam kuma da ya ji cewa sunayen ɗalibansa da unguwanninsu sun je Mafara da Maradun ba da saninsa ba, fara'arsa ta ɗauke. Ya dubi mai shagon ya ce, "Amanar ɗiyan mutane ce, malam." Iyakar abin da ya faɗa ke nan, amma na ga ya fi nawa faɗan shiga jikin mutumin. Muka ce za mu dawo a gyara, muka kama hanya.

Motar Maradun ta ɗauki lokaci kafin ta cika. Muka bi ta gefen fadamun Bakolori, shinkafa ta yi kore shar, mutane na ta aiki a bakin kwalbatoci kamar babu abin da ke damun duniya. A motar ba mai magana sai salati in an zo kwana. Ni ba tsoron hanya nake ji ba. Fuskar Yaya nake gani lokacin da yake cewa ni kaɗai ya yarda da ni. Shekara talatin da biyu ban bar kabon ko ɗaya ya kwana ba, sai ga shi na yi ritaya na aika da sunan ɗan'uwana bakin tasha. Haushin kaina ya fi na kowa.

Bayan azahar muka isa. Shagon ɗan ƙarami ne, tsakanin mai shayi da mai faci. A ƙofa muka tarar da wani direba yana mita, wai tun jiya yake zuwa a buga masa takarda ana ce masa kwamfuta ta lalace. Mai wurin dattijo ne, zai yi shekara hamsin da wani abu, hannayensa na manomi ne ba na akawu ba. Kwamfutar na kan tebur an lulluɓe ta da tsohon zane, an juya fuskarta bango.

Mai shagonmu na Mafara ya ce ya zo duba ta ne. Dattijon ya yaye zanen. Aka tayar da janareta. Da allon ya haska ban nemi komai ba sai layi ɗaya, kuma na gan shi nan da nan. Yadda ake ajiye albasa kada ta ruɓe. A gefensa koriyar alama.

Ban san na ce innalillahi da ƙarfi ba sai da na ga dattijon ya zuba mini ido. Ya juya ya ce wa abokin tafiyata ya je wajen mai shayi ya jira. Ya tura ƙofa, ya ja kujera ya ba ni.

"Hajiya, taki ce?"

Na ce tawa ce.

"Ni nib buɗe ta," in ji shi. "Jiya da la'asar, bayan na aika ma wani takardu. Bara rabin albasata ta ruɓe a rumbu. Ina ganin sunan nic ce Allah ya kawo mani magani."

Ko a cikin wannan tashin hankalin sai da na ji kamar in mari kaina. A ƙasar da kowane gida ke da rumbun albasa, a ce wai wannan ne sunan da ba zai ja ido ba. Da na rubuta mata jadawalin taron kwamiti, da har ta tsufa ba wanda ya taɓa ta.

Na tambaye shi wa ke shagon lokacin. Ya ce shi kaɗai, Allah ya sa mutane sun tafi salla. Yana isa kan sunayen ya zare wayar wuta daga bango. Bai san wanda ya aiko ba, bai san ta inda ta shigo ba, yana tsoron ko tarko ne, yana kuma tsoron ya goge ta ta sake dawowa a gaban mutane. Sai ya rufe kwamfutar ya ce ta lalace, ya yi ta korar masu kawo aiki. Ko matarsa bai gaya wa ba.

Na dube shi sosai. Aikin ofis ya koya mini kallon fuskar mai ƙarya, amma a nan ba kallo nake bukata ba, rantsuwa nake so. Kafin in nema ya ce, "Na ukku cikin jerin ga, tare munka yi karatun allo. Ni ma mutumin can ne. Shekara huɗu ke nan da nib baro gonata da kabarin mahaihina, nid dawo nan ina danna abin da ban iya ba." Ya share fuska da hannun riga. "Na ga akwai wuri ƙasan takardar. In ba a kai ta ba, a sa sunana."

Na yi kuka a shagon nan, ba zan ɓoye ba. Na zo neman wanda zai kashe mini ɗan'uwa, na tarar da wanda ke son tsayawa kusa da shi.

Aka kira mai shagon Mafara. Na ce ba gogewa kawai nake so ba, a wanke kwamfutar gaba ɗaya a sake zuba mata manhajar. Ya kwashe wa dattijon ayyukansa a fulash, wato ɗan abin adana fayil, ya yi yadda na ce. Da tambayoyin nan suka fara fitowa, hannunsa ya nufi alamar yarda bisa sabo, na buge shi da kwalin ashana. Na gyara tabarau na karanta kowace tambaya da ƙarfi, na fassara wa dattijon, shi kuma yana cewa a'a. Ta san inda take? A'a. Ta lura da abin da ake bugawa? A'a. Ta kwashe fayil ta kai ma'ajiya? Dattijon ya ce, "Ko da wasa." Da aka zo wajen akawun, ashe akwai hanyar da ba sai an sa na wani ba, tana dai da ɗan tsawo, shi ya sa mutumin bai taɓa bi ba. Muka kama motar ƙarshe kafin rana ta yi sanyi. Washegari ya je Bakura ya yi haka, ranar Asabar ya zo gidana ya yi wa tawa, ina tsaye a kansa.

Akwai abin da bai kwanta mini ba har yau. Takardar ta kwana ɗaya a ma'ajiyar masu manhajar, a wata ƙasa da ban san ko wace ce ba. 'Yata ta ce in an goge daga kwandon shara sukan share ta, kuma ba ruwansu da wani ƙauye na bayan Gidan Goga. Wataƙila haka ne. Ta kuma gaya mini akwai ɗan bayanin da kwamfutar ke aikawa ko an ce a'a, wanda ba shi da makunni. Ni dai abin da ban ga tokarsa ba, ba na cewa ya ƙone. Shi ya sa tawa ba ta ƙara ganin intanet ba, in 'yata na son aika wani abu ta yi da wayarta.

Saura abu mafi wuya, gaya wa Yaya. Na yi tunanin in yi shiru tun da Allah ya rufa asiri, amma ran mutum goma sha ɗaya ba nawa ba ne da zan yanke musu hukunci. Ranar Talata ya zo, na ba shi fura, na zauna a ƙasa na ba shi labari tun daga dariyar mai shago har zanen da aka lulluɓa wa kwamfuta. Bai katse ni ba. Da na gama ya daɗe yana juya ludayi a cikin ƙwarya.

"Kin tahi Maradun da ƙahwarki?" ya tambaya.

Na ce na je.

Ya girgiza kai. Ya ce mutum biyun da ake jira sun janye, kuma bai ga laifinsu ba. Yana cikin faɗar haka aka yi sallama a zaure. Dattijon Maradun ne, ya rufe shagonsa ya biyo motar kasuwa kamar yadda muka yi da shi. Suka gaisa da Yaya, doguwar gaisuwa, suka shiga tambayar juna mutanen da suka sani, wane yana nan, wane ya rasu, wane yana hannun ɓarayi har yanzu. Yaya ya fita ya kira na ukun nan da ke jerin daga kasuwa, ya zo ya ga abokin karatunsa, suka rungume juna. Daga nan ba a sake wata shawara ba.

Na shiga ɗaki na jawo tsohuwar tafiretata daga ƙarƙashin gado, wadda aka bar mini da na yi ritaya don ba mai so. Na goge ta, na ɗiga mata man keken ɗinki. Na sa takarda biyu da kabon a tsakani. Tun da ta ajamin ta ƙone, ta kwamfuta kuma an wanke, Yaya ne ke faɗa ina bugawa. Yatsuna sun yi nauyi, harafin farko sai da na buga shi sau biyu, amma kafin in kai sakin layi na biyu hannuna ya tuna hanya. Ƙarar ta cika gidan, har maƙwabciyata ta leƙo ta katanga tana tambaya ko an mayar da ni aiki ne. Na buga sunaye goma sha biyu.

Takardar ta isa inda aka nufa da ita. Abin da aka yi a kanta da wanda ba a yi ba, wannan wani dogon zance ne, kuma ba duka ne mai daɗi ba. Abin da na sani shi ne, yau da nake wannan rubutu duk su goma sha biyun suna raye, kuma babu wanda aka taɓa tarewa aka ce masa an ga sunansa. Mai shagon bakin kasuwa yanzu in zai sayar da kwamfuta sai ya zaunar da mai saye ya karanta masa tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, in kuma ya hango ni tafe sai ya miƙe tsaye. Dattijon Maradun kuwa duk haɗuwarmu sai ya ce har yau ban gaya masa yadda ake ajiye albasa ba.

A ranar dai, da na zare takardun daga tafireta, na ɗauki kabon ɗin na nufi bayan ɗaki kamar kullum. Sai na ji takun Yaya a bayana. Ya karɓi kabon ɗin ya ɗaga shi sama wajen rana. Bai iya boko sosai ba, amma ya san yadda sunansa yake, kuma ya gan shi a can, na farko, fes kamar a kan farar takardar. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya miƙo mini hannu ba tare da ya dube ni ba.

"Ba ni ashanar," in ji shi.

Shi ya ƙyasta, shi ya riƙe har wutar ta kusa yatsunsa, ya saki, ya sa takalminsa ya murje tokar.